Bel Ɗin Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafa, ya kunnen? Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ke kuma kina ta tambayar wa ke magana. Shi ya sa na ɗauki biro. Direban da ke kai mana saƙo zai miƙa miki.

Kada hankalinki ya tashi, ƙaninki yana gida kuma yana nan da ransa. Amma mun ga tashin hankali. Yana wurin aikinsa a ɗakin sikeli, ana auna buhunan wata babbar mota, sai ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya wanke shi, ya zame daga kan kujera. Leburorin nan da ke ɗaukar buhu kamar wasa sai da suka taru a kansa kafin suka iya saka shi a mota. A asibiti aka ce jijiya ɗaya daga cikin masu kai wa zuciya jini ce ta toshe da kitse. Ba su yanka shi ba. Ta jijiyar hannu suka bi da wata siririyar waya har zuciya, suka buɗe wurin, suka bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ya sake rufewa. Idonsa biyu aka yi komai. Kin san Tulu, wai ana cikin aikin yake tambayarsu ko za a gama kafin a raba abincin rana.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tela, siriri kamar sillen kara, aiki iri ɗaya aka yi musu rana ɗaya. Mutumin kirki, shi ke miƙo mana ruwan zafi. Da hantsi matarsa ta fita wanke kofuna, kafin ta dawo an ja masa labule. Tulu ya wuni bai yi wa kowa barkwanci ba. Da wani matashin likita ya zo zagaye, sai ya riƙe masa hannu ya tambaye shi yadda aka yi wanda ba ya cin komai ya tafi, shi mai tumbi ya rage. Likitan ya ce gaskiya an lura masu jiki sukan fi tsallake irin wannan aikin fiye da ramammu, kuma har yanzu ba a gama gane dalili ba, wataƙila don suna da abin da jiki zai yi yaƙi da shi, wataƙila don ramammun da ma wani ciwon ne ya ramar da su. Ya ƙara da cewa kada ya manta ƙibar ce ta kawo shi kan gadon. To Yaya, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Rabin farko ya ji, rabin ƙarshe ya bi iska.

Babban likitan kuwa ni ya tare a baranda, lokacin Tulu na barci. Ya ce ya rage jiki, amma a hankali. Ya ce cikin magungunan akwai wata ƙaramar ƙwaya ta safe mai hana jini daskarewa a kan ragar, ita ce ransa, kada a tsallake ta ko da rana ɗaya. Na ce ya bar wannan a hannuna. Ban ma tsaya tsorata Tulu da maganar ba, tunda mai ba da magani ya riga ya tsorata shi, ya ce in ya sha ta ba komai a ciki za ta yi masa gyambo har ya yi aman jini, ya kuma rubuta masa a jikin takardar cewa bayan abinci. Yanzu ya koma aiki. Kullum ina naɗe ƙwayar in saka a kwandon karin kumallonsa, tare da shayi da burodi da ƙwai, tunda da sassafe yake fita.

Abin da ya dame ni shi ne bakinsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya shafa ciki ya ce likita ya ce wannan ne ya cece shi. Na rage mai a miya, ya ce ina so in mayar da shi tela. Ni kuma kin san ni, ba na iya ganin ya ture kwano, sai in tashi in ƙaro. Tsoro nake ji, Yaya. Ki yi masa magana, taki kaɗai yake ji.

Yara suna gaishe ki. Allah ya ƙara lafiya.

Taki,
Amarya

*

Amarya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode Allah da ya taƙaita. Ƙafa tana nan yadda kika sani, kunne kuwa gara da ya toshe, da na ji wannan shirmen da shi da ban san abin da zan yi ba.

Ke ma da naki. Shekara ashirin da wani abu ina kiranki Amarya, ashe har yau amarcin kike yi da tukunya. Mutum ya dawo daga bakin kabari, ya ture kwano, ke kuma ki tashi ki ƙaro! In so ne wannan, to a rage shi kamar yadda za a rage man. Shi kuma likitan da ya buɗe baki a gaban Tulu ya ce masu ƙiba sun fi tsira, Allah ya shirye shi, bai san wa yake gaya wa ba.

Sauran takardar nan tasa ce. Ki karanta masa da ƙarfi, kada ki tausasa ko kalma ɗaya.

Tulu, kai ba ka tuna Inna, ni ina tunawa. Jikinta ka ɗauko, har yadda take haki in ta hau dakali. A bakin murhu ta dafe ƙirji ta faɗi, kana goye a bayana, ban kai shekarun 'yarka ta biyu ba. Ni na ɗauke tukunyar daga wuta, ni na rufe mata ido, ni na raine ka. In ka yi kuka in cusa maka abinci a baki don ban san wani rarrashi ba. Ban sha wannan wahalar don in zo in tsaya a kan gawarka ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ga bel ɗin Baba nan na ba direba, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa da shi. Tun yana saurayi har ya tsufa ya rasu rami ɗaya yake sakawa, za ka ga wurin ya yi baƙi. Ban ce sai ka kai wannan ramin ba, na san ba a mayar da tulu kwalba. Ramin farko kawai nake so. Ranar da bel ɗin nan ya zagaye ƙugunka ya shiga ramin farko, ka aiko mini, zan hau mota da wannan ƙafar in zo. Kafin nan wallahi ba zan taka gidanka ba, ko ɗaki aka gina mini da zinariya. Ka san ni, ba na rantsuwa in janye.

Ki gaishe da yara. Ki ce wa babbar ta daina saya masa lemon kwalba a ɓoye, na san halinta.

Yayarku

*

Zuwa ga Yaya, uwata bayan uwa,

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Ina gaisuwa irin ta ƙani mai laifi, gwiwa biyu a ƙasa, ko da yake in na durƙusa sai an kira leburori sun tashe ni.

Ki yafe mini jinkirin amsa. Amarya ta karanta mini takardarki kamar yadda kika umarta, tana yi tana kuka, har na karɓa na ƙarasa da kaina. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kwanaki ina cewa a raina ai likita ne ya faɗa, ba ni na ƙirƙira ba. Amma maganar Inna ta tsaya mini. Ban taɓa sanin ina bayanki lokacin da ta faɗi ba, ba ki taɓa gaya mini ba. Kuma na duba na ga rabona da ganin fuskarki tun kafin ƙafarki ta matsa miki. Ni ba zan iya zama a duniyar da kike cikinta kina ƙin shiga gidana ba.

Ranar da bel ya iso na gwada, bakinsa biyu ko hango juna ba sa yi. Na kai shi ɗakin sikeli na rataye a ƙusa kusa da taga. Kullum kafin motoci su fara shigowa sai in hau sikelin buhu in duba allura. Kin san ni da allurar nan, tun da na fara aikin ban taɓa yi mata ƙarya ba, ita ma ba ta yi mini. Da farko ta ƙi motsi, don rage loma ɗaya biyu da Amarya ke yi ba ya kai ko'ina. Sai na ce aikin da za a yi a yi shi gaba ɗaya. Na daina karin kumallo, na daina na rana, da dare in taɓa kaɗan a gabanta don kada ta gane. Kwandon safe leburori nake miƙa wa, har sun fara yi mini addu'ar kada in warke. Don Allah kada ki gaya mata, kin san zuciyarta, za ta ɗauka girkinta na ƙi.

Har ƙwayar safen ma na huta da ita. An rubuta bayan abinci, ni kuma ba na ci, kuma ba na son aman jinin da aka ce. Da ma ai kitsen da mutum ya ci take narkarwa, wanda bai ci ba me za ta narkar? Abin da bai hau sikeli ba ba a rubuta shi. Ina tara su a gwangwani, ba a asara.

To ga albishir, goro sai kin zo. Yau da safe na gwada, saura faɗin yatsu huɗu bakin bel ya kai ramin farko! Wandunana duk sun zama buhu. Jiri yana ɗan ɗibata in na miƙe, gwiwoyi suna rawa a matakala, amma wanda zai ga Yaya ai ba ya kukan jiri. Masu motoci suna ta tambaya ko an canja mai sikeli ne.

Ki fara haɗa kaya. Na sa an gyara miki ɗakin ƙasa don kada ki hau bene.

Ƙaninki,
Tulu, mai shirin zama buta

*

Tulu,

Wa alaikas salam. Yatsu huɗu! Na karanta wurin nan har sau uku, na kira maƙwabciyata na nuna mata. Ashe kana da zuciya. Allah ya yi maka albarka, yadda ka faranta mini Allah ya sa 'ya'yanka su faranta maka.

Jiri ba komai ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba, kada ka biye masa. Amarya ba za ta ji daga bakina ba, in ta ji sai ta bi ka wurin aiki da cokali. Duk abin da kake yi ka ci gaba da shi, kada ka saki ko ɗaya.

Na sauko da akwatina daga kan kabad, na ba da takalmina a gyara. Kai nake jira.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, ki yi haƙuri da rubutun.

Ya sake faɗuwa, a ɗakin sikelin dai. Wannan karon mutum biyu ne suka ɗauko shi. Ragar da aka saka masa ce jini ya daskare a kanta ta toshe gaba ɗaya. Sun sake bi sun buɗe, amma babban likita ya ce kafin a kawo shi wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu, kuma ba ya dawowa. Yana ɗakin masu tsananin ciwo, da robar iska a hanci, ƙafafunsa sun yi sanyi, fitsari ya ɗauke. Sau biyu a rana suke barina in shiga.

Likitan ya tambaye ni ko yana shan ƙaramar ƙwayar. Na ce kullum, da hannuna nake naɗewa. Ya dube ni ya sake tambaya, na rantse masa. Da yamma babban leburan ya kawo mini kayansa daga wurin aiki, hularsa da tabarau da wani gwangwanin madara. Na buɗe, Yaya, ga ƙwayoyina nan cike, kowace a naɗe yadda na naɗe ta, ko warwarewa bai yi ba. Mutumin ya durƙusa yana kuka, ya ce su ke cinye karin kumallon tun da daɗewa, sun ɗauka sadaka yake yi. Ni da nake wanke kwanon kullum in ga ba ko ɓurɓushi, ina murna wai yana ci.

Na ga yana ramewa, ba zan ce ban gani ba. Kowa yana yi mini barka, ni ma ina jin daɗi, na ɗauka man da na rage ne. Ina ganin fuskarsa tana zubewa, yana dafa bango in zai tashi, na yi shiru don kada a ce ina amarci da tukunya. Likitan ya ce irin wannan ramar ta yunwa ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka, yanzu jikin ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi. Ya ce shi ai a hankali ya ce a rage jikin, kuma da ya ci ko loma biyu ya sha ƙwayar, ko ma ya sha ta haka nan, da duk ba a zo nan ba. Matashin likitan nan ya zo wucewa, ya tsaya ya duba sunan da ke jikin gadon, ya dubi Tulu, bai gane shi ba.

Laifina ne da ban zaunar da shi na gaya masa abin da ƙwayar take yi ba. Na ce a bar ta a hannuna, na riƙe maganar ni kaɗai kamar wata dukiya. Kin san shi, abin da aka rubuta shi yake bi, da an rubuta masa kada ka tsallake da bai tsallake ba.

Jiya ya buɗe ido, na sunkuya na tambaye shi me ya sa. Da ƙyar ya ce, "An ce bayan abinci." Sai ya ce, "Yaya ta taso?"

Akwai abin da zan tambaye ki, kuma ki gafarce ni in na yi rashin kunya, ban taɓa ɗaga miki murya ba. A aljihun rigarsa na tarar da takardarki, ta yi laushi saboda buɗewa da ninkewa. Kin ce ba zan ji daga bakinki ba. Kin ce duk abin da yake yi ya ci gaba, kada ya saki ko ɗaya. Ni na rubuto miki da hannuna cewa ƙwayar nan ita ce ransa. Ya gaya miki ya daina sha?

Ki yi masa addu'a.

Amarya

*

'Yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Ya gaya mini. Na ɗauko takardarsa yanzu, ga shi nan baƙi a kan fari, har da gwangwanin. Na karanta wurin a ranar, idona ya bi ta kai ya wuce, ina sauri in kai inda zai faɗi maganar bel. Taki ma tana nan, na ajiye su tare, ban haɗa su a kaina ba sai yau. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Tsoron kada ya bi Inna ne ya rufe mini ido, ga shi na tura shi da hannuna. Kada ki ɗora wa kanki, ke abinci kika ba shi da magani.

Na janye rantsuwata, zan yi kaffara. Ki gaya masa a kunne, da ƙarfi, cewa na janye. Ki ce masa ya ci duk abin da likita ya yarda, ya dawo tulunsa, ya fi haka ma in yana so, ni dai in same shi. Bel ɗin ki jefa shi a bola.

Tun da na karanta takardarki ƙafar ta ƙi ɗaukata, na faɗi a tsakar ɗaki, amma maƙwabciyata ta yi magana da direba, jibi zai ɗauko ni ko a kwance ne. Ki ce ya jira ni. Ki yafe mini in za ki iya.

Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso da azahar. Shi ya rasu da hantsi, an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ban jefar da bel ɗin ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta ba ni shi cikin kayansa, ta ce a ƙugunsa suka kwance shi ranar da aka kawo shi. Babban leburan ya ce da safen ranar da ya faɗi bel ɗin ya shiga ramin farko, Tulu ya fito yana nuna musu, ya zauna zai rubuto miki ke nan.

Kin ce ranar da ya kai za ki zo. Ya kai, Yaya. Ɗakin ƙasa yana nan a gyare.

Amarya